Yadda ake kama ƙananan ƙwarin ruwa na dangin Hydrophilidae a Kumasi

Kada ka ɓata lokaci kana jan raga a tsakiyar rafi. Waɗannan ƙwari, irin su Agraphydrus da yawancinsu ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a gefe suke zama, cikin laka da ruɓaɓɓen ganye, inda ruwa bai kai tsawon yatsa ba.

Kayan aikin duk ana samu a kasuwar Kejetia: rariyar shayi mai ƙananan ido, farin faranti mai zurfi, tsohon buroshin haƙori, ƙaramar kwalba mai murfi da fensir. Sifirit kuma sai kantin magani. Sa takalmin roba da safar hannu saboda tsagiya. Rafin Aboabo da Subin sun cika ƙazanta, gara ka fita bayan gari. Idan dajin Owabi da ke kusa da Kumasi za ka, nemi izinin masu gadin dajin tukuna.

Ka tsuguna a bakin ruwa, ka dama lakar gefen da hannu, ka watsa ruwa kan gaɓa ya gangaro, sannan ka dakata kamar minti ɗaya. Kowane ƙwaro yana ɗauke da iska a ƙasan cikinsa, shi ya sa da ka raba shi da abin da ya maƙale sai ya taso sama, sau da yawa a rigingine, cikin yana ƙyalli kamar azurfa, ƙafafu suna ta motsi. A nan za ka kwashe shi da rariya ka juye a faranti. Mai gaggawa laka kawai yake kwasowa. Inda ruwa ke tsatsafowa kan dutse, goga buroshi a hankali, rariya na tare a ƙasa.

Kada ka rikita su da Dytiscidae, wani dangin ƙwarin ruwa daban. Waɗancan da gindi suke tasowa shan iska, suna tura ƙafafun baya tare. Naka da kai suke tasowa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. In ka ga mace da farin ƙunshin ƙwai manne a cikinta, mai yiwuwa Helochares ce, wani jinsi a dangin Hydrophilidae.

Daga faranti sai kwalba, cikin sifirit. Mai ƙarfin kashi 70 ya isa ajiya, amma don binciken ƙwayoyin gado sai kashi 95. Jikinsu na sakin ruwa ya rage masa ƙarfi, don haka ka sauya shi washegari, in ba haka ba su ruɓe. Rubuta wuri da kwanan wata da fensir, ka saka takardar cikin kwalbar. Tawadar biro narkewa take yi.

Washegarin ruwan sama mai ƙarfi kada ka fita, ambaliya ta riga ta share gefen. Bari ruwa ya kwanta tukuna.