Yadda za ka kira jama'a da Turanci ba tare da ka ware mata ba

Tushen matsalar ita ce kalmar "you". Bahaushe yana da kai da ke da ku, amma a Turancin yau kalma ɗaya ce tak, ko mutum ɗaya ake nufi ko dubu. Wannan giɓi ne Amurkawa suka cike da "you guys". Ita kuwa "guy" daga sunan Guy Fawkes ta fito, mutumin da aka kama a 1605 yana shirin tarwatsa majalisar Ingila da albarushi. Har gobe idan aka ce "a guy", namiji ake nufi. Shi ya sa wasu matan ba sa jin da su ake idan aka ce "guys", ko da yake wasu suna faɗar ta a tsakaninsu.

Don haka fara duba inda kake. Cikin abokan da ka saba da su ba laifi. A taron ofis, ko aji, ko saƙon da zai je wa mutane da yawa, ka ce "everyone", "all" ko "team". Hukumar sufurin Landan ma a 2017 ta daina cewa "ladies and gentlemen" a sanarwar jiragen ƙarƙashin ƙasa, ta koma "hello everyone". "Y'all" ta 'yan kudancin Amurka ce, a bakin baƙo takan yi banbaraƙwai.

"Dude" da "bro" da "man" na wasa ne, kada ka kai su gaban shugabanka. Wadda ta fi jefa mutanenmu cikin rigima ita ce "dear". A Turancin Najeriya "my dear" nuna kulawa ce, amma idan namiji ya faɗa wa abokiyar aikinsa a Amurka ko Ingila, raini za ta ɗauka ko neman shisshigi. Haka kiran manyan mata "girls". Ka kira ta da sunanta kawai.

A wasiƙar neman aiki ko gurbin karatu, ka bar "Dear Sir" sai in ka tabbatar namiji ne zai karanta. Sunaye irin su Alex, Sam da Jordan na maza da mata ne, saboda haka ka rubuta "Dear" sannan cikakken suna. In mai karɓa mace ce kuma tana da digirin digirgir ko farfesa ce, "Dr" ko "Professor" ke gaba da komai. In babu, yi amfani da "Ms", domin "Mrs" da "Miss" suna tona zancen aure, wanda ba huruminka ba ne. Idan ba ka san mai karɓa ba, "Dear Hiring Team" ta wadatar.

Wanda ba ka san jinsinsa ba, ka ce "they", amma aikatau ya zo a jam'i: "they are", ba "they is" ba. Idan aka gyara maka, ka ce "sorry" sau ɗaya, ka maimaita daidai, ka ci gaba da magana. Doguwar ban haƙuri kunya take ƙara wa wadda ta gyara maka.