Kurakuran da masu tara littattafan alfarma ke yi a Maraɗi, da hanyar gyara su

Duk wanda ya daɗe yana karatun hikaya, akwai ranar da kwafin da ke hannunsa zai daina isar sa. Labarin da ka karanta sau huɗu ko biyar, sai ka ji kana son ka mallake shi a bugu na alfarma: bango mai kauri, takarda mai laushi, rubutun ruwan zinariya a gadon baya, da ɗan zaren nan na sa alamar shafi. Ni ma ciwon ya kama ni tun ina ɗan lakwal, kuma har yau ban warke ba. Abin da na lura shi ne, a nan Maraɗi kuɗinmu kan salwanta a wuri biyu, wajen saye da wajen ajiya. Na biyun ya fi ciwo, amma bari in fara da na farkon.

Sayen bango a bar littafi

Wata shekara na ga wani littafi a teburin wani mai sayarwa, bangonsa kore shar, ga adon zinariya sai ƙyalli yake. Ban ko buɗe tsakiyarsa ba na zaro jikka goma sha biyu na miƙa. A watan Afirilu na manta shi cikin akwatin babur yini guda a rana. Da yamma ina buɗe shi, shafi wajen ashirin suka zubo a cinyata kamar ganyen da iska ta kaɗo. Na kai wa wani dattijo mai ɗinkin littattafan malamai a unguwarmu, na ce, "Baba, wannan zai gyaru kuwa?" Ya juya shi, ya leƙa ta sama, ya ce, "Ɗana, ai ba littafi ka saya ba, riga ka saya."

Abin da ya nuna mini ran nan shi nake koya wa kowa. Ka riƙe littafin a rufe, ka duba samansa daidai inda takardu suka haɗu da gadon baya. In ɗinki ne, za ka ga takardun an ninka su ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yawanci shafi 16 ko 32, kuma in ka buɗe tsakiyar ƙunshi za ka ga zare. In kuwa liƙi ne, za ka ga an yanke su sumul, gam kawai ke riƙe da su. Irin wannan gam da zafi ake narka shi a maɗaba'a, to mu kuma a Afirilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota ko akwatin babur. Ya yi laushi da rana, ya bushe ya tsage da hunturu. Littafi mai liƙi ba haramun ba ne, amma kada ka biya kuɗin mai ɗinki a kansa.

Daga nan sai takarda. Ɗaga shafi ɗaya ka kalli haske: in rubutun bayan yana damun na gaba, ko baƙin tawada ya yi duhu a wani shafi ya koɗe a wani, ko layuka sun karkace, to hoton wani bugu aka ɗauka aka sa masa sabuwar riga. Kauri kuma ba shi ne inganci ba. Jerin Pléiade na kamfanin Gallimard, wanda aka soma a 1931, takardarsa siririya ce ƙwarai, shafi dubu da ɗari biyar ka riƙe da hannu ɗaya, amma ɗinki ne, bangon fata ne, kuma launin fatar ma yana da ma'ana: marubutan ƙarni na 19 kore, na ƙarni na 17 ja. Wanda ya taɓa riƙe na gaskiya sau ɗaya, da wuya a yi masa sakiyar da babu ruwa.

Maganar fata

Nan ne abin ke ba ni dariya da takaici. Yawancin abin da ake sayar mana da sunan bangon fata, ko roba ce, ko garin fata da aka cuɗa da gam aka matse. Shekara biyu uku sai ya fara saɓa kamar fatar maciji. Mu kuma mu ne masu jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta da ta ƴar'uwarta ta Sakkwato masu ɗaure littattafai a Turai suka daɗe suna ɗaukar ta cikin mafi kyau a duniya. A da, ayari ne ke ƙetara Sahara da ita zuwa arewa, Turawa su saye ta a can, shi ya sa sunan Maroko ya manne mata. Da bagaruwa majemanmu ke jeme ta, kuma irin wannan jima tana daɗewa. Ashe abin da wasu ke biyan kuɗi masu nauyi su samu a Landan da Paris, mu a bayan gida yake kuka.

Saboda haka in akwai labarin da kake ƙauna, ba dole ka jira bugun alfarma daga waje ba, domin yawancin littattafan Hausa ma ba a taɓa yi musu irinsa ba. Nemi kwafi mai tsabta, cikakke, ka kai wa mai ɗinki ya ɗinke shi, sannan baduku ya yi masa bango, ko ya yi masa gafaka irin ta Alƙur'ani. Sai dai ka ja masa kunne a kan abu biyu. Kada ya shafa wa fatar mai da yawa, man yakan ratsa ya yi wa takarda tabo. Kuma ya sa farar takarda mai kauri tsakanin fata da shafin farko, don rini yana zuba, musamman ja. Ka goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a kan fatar tun kafin a fara aiki. In ya ɗauki launi, ka ce a sake wata.

"Bugun farko ne, wallahi"

Takarda ta yi ja ba ita ke nuna tsufa ba. Takarda mai arha, irin ta jarida, a shekara biyar ma ta yi ja in tana shan haske. Abin dubawa shi ne bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi. Misali, Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito ne a ƙarshen shekarun 1930 a Zariya, kamfanin buga littattafai na NNPC kuwa sai a 1966 aka kafa shi. Duk kwafin da ke ɗauke da sunan NNPC, komai yagewarsa, ba bugun farko ba ne. Haka ISBN, lambar shaidar nan da ake buga wa kowane littafi: sai wajen 1970 ta zama ta duniya, tana da lamba 10, kuma sai a 2007 ta koma 13. In ka ga mai 13, littafin bai girmi ɗan sakandare da yawa ba, ko me mai sayarwa ya rantse da shi.

Littattafan Faransanci sun fi sauƙi. Juya can ƙarshe, za ka ga an rubuta achevé d'imprimer, wato "an kammala bugawa", tare da wata da shekarar da aka gama bugawa. Sarraounia na Abdoulaye Mamani a 1980 ya fara fitowa a kamfanin L'Harmattan, kuma an yi ta sake buga shi. Layin nan na ƙarshe shi zai gaya maka wanne ke hannunka.

Wani kuskuren da ke bin wannan shi ne sayen taƙaitaccen bugu na ƴan makaranta a zaton cikakke ne, don kawai ya zo da hotuna masu launi. Sai kuma sayen littafi na ɗaya da niyyar a nemi na biyu da na uku daga baya. Daga bayan nan ba ta cika zuwa ba. Ko ka same su, sai ka tarar tsayinsu da launinsu sun saɓa. In mai kashi-kashi ne, ka haɗa kuɗinka ka ɗauke su rana ɗaya.

In saƙo za ka yi daga Yamai, ko Kano, ko wani ɗan'uwa zai taho maka da shi daga Faransa, ka ce a turo maka bidiyo ta WhatsApp ana buɗe tsakiya da ƙarshe, ba hoton bango kawai ba. A naɗe shi da kwali, kuma kada a sa shi a ƙasan mota tare da jarkokin mai.

Gara, laima, leda

Babbar asarar da na taɓa yi ba a kasuwa na yi ta ba. Na jera littattafai wajen talatin cikin kwali, na tura ƙarƙashin gado jikin bango, na yi tafiyar wata biyu da damina. Da na dawo, daga sama kwalin lafiyarsa lau. Ina ɗagawa gindinsa ya zauna a ƙasa, jar ƙasa ta cika tsakanin shafuka, gara na ta kai da kawo a cikin hanyoyin da ta haƙa. Wani littafin bangonsa biyu kawai suka rage da zaren ɗinki. Iyalina ta ce, "Malam, ai na sha gaya maka ka ɗaga su." Ban ce uffan ba.

Gara daga ƙasa da bango take zuwa, cikin duhu, inda ba a motsawa. Sa mai walda ya yi maka kanta ta ƙarfe, ƙafafunta su ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ka bar tazarar da hannu zai shiga tsakaninta da bango. In da hali a sa mata ƙofar gilashi saboda ƙurar hunturu. Sau ɗaya a wata ka sauke littattafan, ka karkaɗe su, ka leƙa bayan kantar ko akwai ɗan layin ƙasa yana hawa bango. Busasshen ganyen bedi a cikin ɗan ƙyalle yana taimakawa wajen korar ƙananan ƙwari, amma a gefe za ka ajiye shi, kuma ba zai tsayar da gara ba. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa kuwa kada su taɓa takarda, suna barin tabon mai da ba ya fita. Kyankyasai su gam da rigar bango suke lasa, don haka cin abinci kusa da kanta gayyata ce.

Akwai masu ɗaure littafi mai tsada cikin leda su ƙulle tam, wai don ƙura. Da rani ba komai. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa ledar tana kulle laima a ciki, sai funfuna ta fito, shafuka su manne, warin kuma ba ya barin littafi. Gwamma ka naɗe shi da farin yadi na auduga, yana numfashi. Kada kuma kanta ta fuskanci taga, rana tana cinye launin gadon baya cikin ƴan watanni. A jere su a tsaye, ba a matse ba, manya masu nauyi a kwantar da su. In za ka zaro, kama tsakiyar gadon baya, kada ka ja da yatsa ta sama, nan ne yake fara yagewa. Rigar takardar nan da ke zuwa a kan bango mai kauri, kada ka yar da ita. A wajen masu tara littattafai, rashinta yana karya daraja sosai.

Gyaran da ke ƙara ɓarna

Salatif. Shafi ya yage, sai a manna masa. Bayan ƴan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ya ratsa har bayan shafi. Siririyar farar takarda da ɗan farin gam kaɗan, a shafa da tsinke, a sa takarda mai santsi a tsakani, a danne da nauyi har ya bushe, ya fi sau goma.

Masu tara littattafan soyayya na kasuwar Kano, su kuma abokin gabarsu ƙusar tsakiya ce. Tana tsatsa da damina, tsatsar ta cinye takardar da ke kewaye da ita. Cire ƙusoshin a hankali da bakin wuƙa, ka ɗinke da zare ta ramukan da suka bari, sannan ka haɗa na ɗaya da na biyu da na uku a bango guda. Da yawa daga cikinsu ba a sake buga su ba, wanda ke hannunka zai iya zama cikin kaɗan da suka rage.

Littafi in ya jiƙe, kada a shanya shi a rana, zai kumbura ya lanƙwashe. A sa farar takarda tsakanin shafuka, ba jarida ba don tawadarta tana zuba, a riƙa sauyawa, a tsayar da shi a buɗe gaban fanka, in ya kusa bushewa a danne shi.

Aro, da rashin karantawa

Kunya ce ke cinye mana littattafai. Aboki ya ce, "Ɗan ba ni in duba kwana biyu," ba ka iya cewa a'a. Dabarar da na koma yi ita ce, duk littafin da na mallaki bugunsa mai kyau, ina ajiye wani mai arha na aro, kuma ina da kaye da nake rubuta suna da rana a gaban mai aron. Wanda ya nace sai mai fatar, ga tabarma ga shayi, ya karanta a zaure.

Sai mu kanmu. Yawancinmu yanzu a waya muke karatu, na kanta kuwa sun zama kayan jere kamar kwanukan amarya. Littafin da ba a buɗewa shi ƙwari ke fara shiga, kuma in akwai shafin da ya ɓace ko aka buga a juye, ba za ka sani ba sai lokacin mayarwa ya wuce. Na taɓa gano haka bayan shekara uku: daga shafi na 112 aka tsallaka zuwa na 129, ƙunshi guda cur babu. Yanzu duk sabon da na saya, a daren nan nake bin lambobin shafukansa ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne karatuna na wannan watan, da wankakken hannu, bayan sallar isha'i, in yara sun yi barci.