Yadda na kama tashar DHO38 bayan kwana tara ina fama

Alhamdulillahi, jiya da daddare layin siginar tashar ya fito a allon kwamfutata.

DHO38 nake farauta, tashar sojan ruwan Jamus da ke aika wa jiragen ƙarƙashin teku saƙo a kan 23.4 kHz. Kayana eriya ce, wato waya da na naɗa zagaye 80 a jikin katako, da ƙaramar amfilifaya, na jona a kafar makirufo ta kwamfuta. Spectrum Lab, manhajar da ke zana sigina a allo, na nuna tartsatsin walƙiya, tasha kuwa ko alama.

Na zargi eriya, na sake naɗa ta, a banza. Na cire caja, na kashe inbata. Hayaniya ta ragu, layi dai shiru.

Ashe katin sautin kwamfutar a kan 44100 Hz yake, wato sau nawa yake ɗaukar sauti a daƙiƙa. Ba ya jin abin da ya wuce rabin wannan adadi, wato 22050, ni kuwa 23400, wato 23.4 kHz, nake nema! Na shiga saitin sauti na Windows, Recording, Properties, Advanced, na zaɓi 96000 Hz. Na sa wannan adadin a Spectrum Lab ma, na rufe na sake buɗewa, na faɗaɗa allon zuwa 30 kHz. Sai na juya eriyar a hankali har gefenta ya fuskanci arewa, wajen da Jamus take. Nan take layi ya miƙe, siriri, ba ya yankewa.