Rubuta wa yara labarin neman ɓoyayyar dukiya: kurakuran da aka fi yi

Yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 mai karatu ne mara kara. In labari bai kama shi ba a shafi na uku, sai ya ajiye littafin ya tafi ƙwallo, ba zai jira ya ga ko abin zai gyaru a gaba ba. Labarin neman ɓoyayyar dukiya, wanda aka haɗa da raha, yana cikin irin labaran da suka fi riƙe yara masu wannan shekarun, kuma muna da ƙarancinsa ƙwarai da Hausa. Tun daga shekarun 1980 Kano ta cika kasuwa da littattafan soyayya, amma ƙannen masu karanta su ba su samu rabonsu ba. Masu ƙoƙarin cike wannan giɓi sun cancanci yabo, sai dai akwai wuraren da aka saba yin tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne aro. Marubuci ya zauna a Gwammaja ko Yakasai, amma ya kawo tsibiri da jirgin ruwa da 'yan fashin teku da akwatin zinariya, ya sauya sunayen jaruman kawai zuwa Sani da Ummi. Yaron da bai taɓa ganin teku ba zai karanta, amma ba zai ji abin a jikinsa ba, ba zai kuma tashi ya leƙa bayan ɗakin kakarsa yana tunanin ko akwai wani abu a binne ba. Wannan leƙen kuwa shi ne ribar littafin. Kano ba ta rasa dalilan binne dukiya ba. An yi Yaƙin Basasa daga 1893, Turawa sun ci garin a 1903, kuma a irin waɗannan lokuta mai abin hannu yakan tura nasa cikin tukunya ya rufe da ƙasa. Ga ganuwa da Sarki Gijimasu ya soma, ga Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ga marinar Ƙofar Mata, ga tsofaffin soraye a Koki da Alfindiki inda fatake suka yi zamani. Taswirar ma ba lallai ta zama zane ba. Takarda ce ta ajami da aka tsinta cikin gafakar wani kaka, ko a ƙasan adudun kaka mace.

Wanda ya ɗauko tarihi kuma ya riƙe shi daidai. Attajirin da ya binne tukunyarsa a 1903 bai san naira ba, domin sai 1973 ta zo. Abin da zai zuba shi ne wuri, da azurfa, da murjani da sauran duwatsun ado. Wanda ya binne a zamanin dalar gyaɗa kuwa sule da sisi da taro da anini mai huda za a tarar. A nan ma akwai dariya kyauta: yara sun sha wahala babi goma, sun riga sun raba kuɗin a baki, wannan zai sayi keke, wancan zai kai Inna Makka, aka fasa tukunya sai ga wuri fal, wanda ko alewa ba zai saya ba yau.

Inda na fi son a tsaya a yi aiki shi ne alamomin da ke kai yaran ga dukiyar. Kuskure iri biyu ake yi. Ko dai alamar ta yi sauƙi har mai karatu ya riga jaruman ganewa da shafi ashirin, ya riƙa jin haushinsu, ko kuma ta zama wadda ba mai iya warwarewa, sai marubuci ya kawo mafarki, ko aljani, ko wani tsoho da ya ɓullo daga lungu ya faɗi amsar ya ɓace. Na biyun ya fi muni, don zalunci ne ga yaron da ya zauna yana ta lissafi. Ƙa'idar ita ce duk abin da ake buƙata don warware alama a riga an nuna shi a baya, ko da a fakaice, yadda in amsar ta fito yaro zai koma baya ya ce, "Kai, ashe ga shi nan!"

Muna da kayan aikin a hannu. Kacici-kacici na nan, amma kada a ɗauko shi yadda yake, don kowane ɗan firamare ya san "baba na ɗaka, gemu na waje" hayaƙi ne. A sa shi ya zama matakin farko kawai. Ɗaya daga cikin yaran, mai gaggawa, ya ɗauki maganar a zahirinta ya bi zaure zaure yana leƙen tsofaffi masu gemu har ya sha rankwashi. Ta biyu ta ce hayaƙi ne, suka nufi tukubar mai tsire, inda mai kwaɗayin cikinsu ya cinye kuɗin motar. Sai daga baya su tuna takardar ta fi shekara ɗari, su tambayi kansu wane hayaƙi ne yake tashi a unguwar tun wancan zamani, amsar ta kai su tsohuwar maƙera. Alama ɗaya ta haifi babi uku, da dariya biyu, da tunani na gaske. Akwai kuma ramzi, yadda malamai ke ɓoye lamba cikin haruffa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Harafin dal shi kaɗai a gefen takarda yana iya nufin rami na huɗu a marina, kuma yaron da zai gano haka shi ne almajirin da sauran suke gani bai yi boko ba.

Wani kuskuren shi ne yadda ake yi da manya. Wasu marubutan sukan bar baba ko malamin makaranta ya warware komai, yaran suna biye kamar 'yan rakiya. Wasu kuma sukan share manya gaba ɗaya, ka ga 'yan shekara goma suna yawo a Dala da tsakar dare ba mai cigiyarsu. Ɗan Kano ya san ba haka rayuwarsa take ba. Da safe boko, da yamma Islamiyya, in aka kira magariba ba ya gida akwai bayani. Kada a gudu daga wannan takura, a mayar da ita cikin labarin. Aike shi ne babbar damar jarumi: an ba shi kuɗin niƙa ko an tura shi kai tuwo gidan gwaggo, yana da rabin awa ya bi ta Jakara ya dawo, ga ƙulli a ka. Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, da hutun salla, da daren tashe bayan goma ga azumi, lokacin da yara ke zaga gidaje da shigar ban dariya ba mai tambayarsu, duk ƙofofi ne a buɗe. Yarinya kuma kada a bar ta a gida tana jiran labari. Ita ce ke iya shiga cikin gida har ɗakin tsohuwa, inda yaro namiji da ya fara tasawa zai tsaya a zaure.

Sai raha, wadda ita ce rabin littafin. Abin da ke ɓata mini rai shi ne dariyar da ake nema a jikin gurgu, ko mai i'ina, ko baƙauye, ko wanda Hausarsa ba ta nuna ba. A ajin da za a karanta littafin akwai irin wannan yaron, kuma shi za a juyo a kalla. Rahar da ke ɗorewa daga hali take fitowa: mai cika baki da ke fara gudu in ƙadangare ya motsa, mai rowa da ke lissafin kowace naira, ƙaramin ƙane da aka hana shi biyo su amma kullum ya riga su isa. Al'ada ma ta ba mu wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Kanawa da Zazzagawa. Dubi abin da kaka za ta iya yi in jikanta ya zo neman bayani:

"Hajiya, wai da gaske Malam ya binne tukunya?"

"Kai mai gidan, kwana nawa ba cefane, yau ka zo mini da zancen tukunya? Ajiye goro tukuna, sannan in ga ko zan tuna."

An yi dariya, labarin kuma ya matsa gaba, don yanzu dole a nemo kuɗin goro. Barkwancin da za a iya cire shi ba tare da labarin ya girgiza ba, a cire shi. Kada kuma a bi abin dariya da bayani, irin "sai kowa ya fashe da dariya saboda wautarsa".

Hanya a taka ta da ƙafa kafin a rubuta. Yaran birni sun san ba a fita Ƙofar Na'isa a faɗa Kurmi cikin minti biyu, sun kuma san inda ganuwa ta zaizaye da ƙofofin da aka sake ginawa. Babi ya zama gajere, ya ƙare a inda dole a buɗe na gaba. A kula da ƙ da ɗ da ɓ, don wanda ke koyon karatu kake rubuta wa.

Mugu a labarin ya zama mai haɗama da ake iya yi wa dariya, dillalin kayan tarihi mai son banza, misali. Satar yara da tsafi ba nasu ba ne a nan. Haka kuma kada jarumai su haƙa ganuwa ko makabarta, ko su shiga kududdufi, domin akwai mai karatun da zai gwada.

Ƙarshen labari ma yana da nasa tarko. Yaran sun samu tukunya, to ta wace ce? Ɗan Islamiyya ya san tsintuwa ana cigiyarta, dukiyar mamaci kuma ta magada ce. In marubuci ya bar su suka kwashe, iyaye ba za su sayi littafi na biyu ba. In kuma ya rufe da wa'azin shafi uku, yaran ne ba za su nema ba. A sa gardamar a bakin yaran da kansu, mai rowa ya ce a raba, almajiri ya ce a kai wa mai unguwa, a yi ta ja har su daidaita. Neman magadan yana iya zama alama ta ƙarshe da za su warware, abin da ba shi da mai shi kuma ya tafi Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, inda ajinsu zai zo ziyara ya tarar da shi cikin gilashi.