Babi na 6: Ƙaramar Hukumar Argungu, da Yadda Za Ku Rubuta Inda Kuka Fito

Darasi na 1: Suna ɗaya, abu uku

Iyaye da yayye, ku buɗe littafin rubutu, ku ja layi uku. A kowane layi ku rubuta Argungu. Kada ku yi gaggawa: harafin farko babba ne, A, domin suna ne.

Layi na farko gari ne, wanda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Layi na biyu ƙaramar hukuma ce, wato garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, irin su Gulma da Alwasa da Lailaba. Layi na uku masarauta ce, ƙasar Mai Martaba Sarkin Kabi, kuma ta fi sauran biyun faɗi nesa ba kusa ba. Ƙananan hukumomi 4 ne a cikinta: Argungu, Augie, Arewa mai hedikwata a Kangiwa, da Dandi mai hedikwata a Kamba.

Masarauta ce babba a shekaru. Tushenta daular Kabi ce da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, ya zauna a Surame. Ƙaramar hukuma kuwa ta zo ne da gyaran 1976, wanda ya maye gurbin En'e, wato tsohuwar hukumar gargajiya. Jihar Kebbi ita ce auta: an cire ta daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 cikin 774 na Najeriya.

Darasi na 2: Cika fom

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kansa.

Yawancin fom da Turanci yake zuwa. Ba sai kun iya Turanci ba. Ku nemi haruffa uku manya a jere: L, G, A. Ku ɗora yatsa a kansu. Layin da ke gabansu na ƙaramar hukuma ne. Ba na ƙauye ba, ba na masarauta ba.

Mutumin Gulma zai rubuta Argungu, ya yi daidai. Mutumin Kangiwa fa? Sarkinsa na Argungu, gaskiya ne, amma a wannan layi Arewa zai rubuta. Mutumin Kamba zai rubuta Dandi. Mutumin Augie zai rubuta Augie. Ku rufe littafi, ku faɗa da baki: Kangiwa, Arewa. Kamba, Dandi. Ku sake. Wanda ya ɓata kada ya ji kunya, da koyo akan iya.

Tambayar da za ku yi wa kanku ke nan: wace sakatariya nake zuwa, wane ciyaman muka zaɓa? Amsarta ita ce abin rubutawa. Ba a tambaye ku inda kuke kai gaisuwar salla ba.

Layi na gaba na jiha ne. Dattawa da yawa hannunsu na zarcewa ya rubuta Sakkwato, domin a ƙarƙashinta aka haife su. Kebbi za ku rubuta, da b biyu.

Yanzu kowa ya rubuta nasa sau 5, daga ƙarami zuwa babba: ƙauye, ƙaramar hukuma, jiha. Da fensir tukuna, sai malami ya duba kafin biro. Masu kwafar na maƙwabci, ku daina! Shi ɗan Lailaba ne, ku kun taso daga Kamba, me ya haɗa layinku? An faɗa, an maimaita, amma har yanzu wasu na cusa Argungu a kowane layi kamar gishiri a miya. Ranar da ɗanku zai nemi makaranta ko aikin ɗamara, aka ga katinku na ɗan ƙasa ya ce Argungu, takardar asalinsa ta ce Arewa, sai an yi ta zirga-zirga da rantsuwar kotu kafin a gyara. Ku sake rubutawa sau 5.

Darasi na 3: Wa ke yin me

Hanya biyu ce. Ta sarauta: mai unguwa, mai gari, uban ƙasa, Sarki. Waɗannan naɗa su ake yi. Ta gwamnati: kansila a mazaɓa, ciyaman a ƙaramar hukuma. Waɗannan zaɓensu ake yi. Kuɗin rumfar kasuwa da na tasha na ƙaramar hukuma ne, ku karɓi rasit. Takardar shaidar asali a sakatariya ake bayarwa, amma ku fara bi ta wurin mai unguwa da uban ƙasa su shaide ku, ku riƙe hoton fasfo.

Darasi na 4: Ƙasa da ruwa

Tudu na gero ne, fadama ta shinkafa. A gulbin Matan Fada ake bikin kamun kifi da gora da homa, wanda aka fara a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu. Ku zana gulbi, ku sa ɗigo a gefen da ƙauyenku yake.

Aikin gida: a zo da katin zaɓe ranar karatu mai zuwa, kowa ya nuna layin ƙaramar hukumarsa da yatsa.