Yadda za ka haɗa ƙuri'ar gwanin fim ba tare da gurup ya watse ba

Duk gurup ɗin da ya tara masu kallon fim wata rana sai an yi wannan musun, wani ya ce wallahi tunda ake fim ɗin Hausa ba a taɓa yin kamar Sangaya ba, wani ya ce kai dai tsufa ne ke damunka, masoya Ali Nuhu su ja daga masoya Adam A. Zango su ja tasu, ƙarshe admin ya gaji ya ce to a jefa ƙuri'a kowa ya huta. To daga nan ne ma rigimar take sabuwa, don ana fitar da sakamako za ka ji an ce maguɗi aka yi. Kuma sau da yawa masu ƙorafin suna da gaskiyarsu, ba wai don admin ya saci ƙuri'a ba, a'a, yadda aka tsara abin tun farko ne ya riga ya zaɓi wanda zai ci. In kai ne za ka haɗa, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi.

Fara da gyara tambayar kanta. "Wane fim ne ya fi" ba tambaya ba ce, ya fi a me? Wanda ka fi so daban, wanda ya fi tashe daban, wanda aka fi iya aikinsa ta fuskar labari da ɗaukar hoto da sauti shi ma daban. Mutum zai iya yarda cewa fim kaza ya fi tsari amma zuciyarsa tana kan wani da ya kalla yana ɗan sakandare a gidan maƙwabta ana cunkuso gaban talabijin ɗaya. Ƙuri'ar jama'a abu ɗaya ta iya aunawa, wato so, don haka rubuta shi ƙarara: wane fim ka fi so. Da ka yi haka ka kashe rabin gardamar, don babu mai ce wa wani ƙarya kake ba ka son abin da ka ce kana so.

Sai batun zamani, kuma nan ne aka fi zaluntar tsofaffin finafinai. Masana'antar fim ɗin Hausa ta kai shekara talatin da ɗoriya in ka ƙirga daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, an yi zamanin kaset, aka yi na faifan sidi, yanzu ga YouTube da masu dogon zango. Yaron da aka haifa bayan rasuwar Ahmad S. Nuhu a 2007 yanzu shi ne mai waya a hannu dare da rana, ta yaya za ka ce ya zaɓa tsakanin Wasila da abin da ya kalla daren jiya? Ai abin da ya sani zai danna, kuma ba laifinsa ba ne. Raba su rukuni rukuni kawai, na kaset da kansu, na sidi da kansu, na yanzu da kansu. Kuma don Allah kar ka haɗa mai dogon zango da fim na awa biyu a kwando ɗaya, irin su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa mutane sun zauna da su mako bayan mako har jaruman sun zama kamar ƴan gida, ba adalci a gwada su da fim ɗin da aka kalla sau ɗaya aka ajiye. Barkwanci ma a ware masa gurbinsa, in ba haka ba finafinan marigayi Ibro ko dai su cinye komai ko a raina su a ce ai ban dariya ne kawai. Fassarar Indiya kuwa wannan wata duniya ce, a yi musu tasu ranar.

Kar kai kaɗai ka zauna ka rubuto sunayen da za a zaɓa. Mai rubuta jerin ya fi mai jefa ƙuri'a ƙarfi, abin da bai saka ba ya faɗi tun kafin a fara. X, wato Twitter ta da, zaɓi 4 kawai yake bayarwa a ƙuri'a, WhatsApp kuma 12, to finafinai nawa aka yi a Kano da Kaduna da Jos? Abin yi shi ne zagaye biyu. A na farko ka ba da kwana biyu ko uku kowa ya turo sunan fim uku daga kansa ba tare da ka nuna masa komai ba, ka tattara, waɗanda aka fi ambata su ne za su shiga zagaye na biyu. Zai ɗan ci maka lokaci amma babu mai cewa ka cire gwaninsa da gangan.

Yanzu ga babbar maganar, su wa ke jefa ƙuri'ar. A Amurka a 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta buga cewa Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa, aka zo zaɓe Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa yawanci daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Ka ga yawan ƙuri'a bai hana ta shan kunya ba. Mu ma haka abin yake, manyan masu kallon fim ɗin Hausa mata ne a cikin gida, da yawansu ba sa X ba sa Instagram, wasu wayar ma ta tura fim ce a memori daga shagon masu turawa. Ƙuri'ar da aka yi a intanet ra'ayin masu data ne, ba na duk Hausawa ba. Ba za ka iya gyara wannan gaba ɗaya ba, amma za ka iya faɗin gaskiya wajen sanarwa, ka ce zaɓin ƴan gurup ɗinmu mutum kaza, ba ka tashi ka rubuta "fim ɗin da ya fi kowanne a tarihin Kannywood" ba alhali mutum arba'in ne suka danna. In kana so abin ya yi armashi ka ce kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko yayarsa ya turo nata zaɓin daban, za ka sha mamakin sunayen da za su fito.

Sai toshe ƙofar ƴan haya. Da linki ya fita waje shikenan, wani zai kai shi shafin masoya jarumi kaza ya ce ku zo ana neman kayar da oga, cikin awa ɗaya mutanen da ba su ma san sunan gurup ɗinku ba sun cika akwatin. Wannan ba halinmu ba ne mu kaɗai, a 2008 da fim ɗin The Dark Knight ya fito masoyansa sun yi ta zuba masa maki 10 a IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba finafinai maki, suna ba fim ɗin The Godfather maki 1 don su sauke shi daga saman jeri, ga shi kuwa shafin ba kai tsaye yake lissafi ba, jerinsa na finafinai 250 sai fim ya samu ƙuri'a 25,000 yake shiga kuma na masu jefawa a kai a kai ake ƙirgawa. Kai naka mai sauƙi ne, rufe shigar sababbin mutane gurup daga ranar da ka sanar har a gama. In WhatsApp ne ka kashe wurin nan da ke barin mutum ya zaɓi fiye da ɗaya, sannan ka sani kowa yana ganin wanda kowa ya zaɓa, wannan yana hana mai layi biyu sakewa amma kuma yana sa wasu bin inda aka fi yawa ko jin kunyar wani babba a gurup. Google Forms, shafin Google na haɗa fom ɗin tambayoyi, yana da wurin taƙaita amsa ɗaya ga kowane akawun, sai dai mai imel uku zai shigo sau uku, don haka ka sa kowa ya rubuta sunan da aka san shi da shi a gurup, kai da mai taya ka ne kawai za ku gani. Ƙuri'ar Facebook ta a danna laik ko a danna zuciya kuwa ni ban ɗauke ta ƙuri'a ba sam, hoton da ya fi kyau ne yake ci.

Abin da na fi so a gwada shi ne ƙuri'a mai maki maimakon danna ɗaya. Kowa ya jero uku, na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1. A ce ku 30 ne, mutum 12 ƴan ga-ni-kashe-nin fim ɗin farko ne sauran 18 ko a jerinsu ba su saka shi ba, fim na biyu kuma mutum 10 ne suka sa shi a farko amma duk sauran 20 sun sa shi a na biyu. In danna ɗaya ne na farkon ya ci da 12, alhali yawancin gurup ba sa yinsa. In maki ne na farko yana da 36, na biyun yana da 70. Wanne ne a gaskiya zaɓin gurup? Lissafin ba wuya, biro da takarda sun isa, amma ku zama ku biyu wajen ƙirga kuma zai fi kyau ɗayan ya zama ba gwaninku ɗaya ba.

In akwai masu ganin sun san fim fiye da kowa, waɗanda kullum suke cewa jama'a ba su san aiki ba, kar ka yi faɗa da su, ba su nasu akwatin. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tun 1952 take yin irin wannan duk bayan shekara goma, kowa ya kawo finafinai goma, kuma daga baya ta ware jerin masu sharhi daban na daraktoci daban. Kai ma zaɓo mutum biyar ko bakwai da gurup ya yarda da idonsu, su fitar da nasu jerin tare da dalili a layi biyu, a ajiye shi gefe da gefe da na jama'a. Inda jerin biyu suka saɓa a nan hirar take daɗi.

Dokokin nan duka ka rubuta su ka maƙala a saman gurup kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, har da ranar rufewa da ƙarfe nawa, da abin da za a yi in an yi kunnen doki, ko a sake zagaye tsakanin biyun ko a bar su su raba kambun. Kar ka ƙara lokaci don ka ga naka yana baya, kar kuma ka riƙa leƙo da sakamako ana tsaka da yi. Ranar sanarwa ka fitar da komai, mutum nawa suka jefa, kowane fim maki nawa har na ƙarshe, ƙuri'a nawa ka soke da dalilin sokewa, ka ɗauki hoton takardar lissafin ka tura yadda duk mai shakka zai zauna ya ƙirga da kansa.