Yadda ake amfani da kalmar "intermediate" a Turanci

Kwanaki ƙanwata ta kawo mini takardar neman aikinta in duba mata. A gurbin da aka tambayi ƙwarewarta a kwamfuta, sai ta rubuta "medium". Na ce mata ai wannan girman riga ne. Kalmar da take nema ita ce "intermediate". Ban ga laifinta ba, don a Hausa "matsakaici" ɗaya ya ishe mu, shi kuwa Bature ya rarraba aikin ga kalmomi da dama.

Mataki na farko, kama ma'anar daga tushe. Kalmar daga Latin ta fito: "inter" na nufin tsakanin, "medius" kuma tsakiya. Abin da ya wuce matakin farko amma bai kai na ƙarshe ba, shi ne "intermediate". Kamar yaron shagon tela da ya daina ɗinka maɓalli, ya hau keke, amma har yanzu maigida bai yarda ya ba shi shaddar mutane ya yanka ba.

Mataki na biyu shi ne mafi amfani. Kafin ka rubuta ta, tambayi kanka: tsakanin me da me? In ka iya faɗin abin da ke baya da abin da ke gaba, kalmar ta zauna. A koyon harshe ana cewa "beginner", "intermediate", "advanced". Ma'aunin harsuna na Turai da aka fitar a 2001 yana da hawa 6, daga A1 zuwa C2, kuma B1 ne ake kira "intermediate", B2 kuma "upper intermediate". Masu tattalin arziki suna kiran fulawar da mai gidan burodi ya saya "intermediate good", don ta bar alkama, ba ta zama burodi ba tukuna. Likitoci ma suna amfani da ita. Ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini bayan wanka a kududdufi, sai ta fara zama a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa kafin ta shiga mutum. Wannan masaukin na kan hanya shi ne "intermediate host".

Na uku, furuci. Gaɓa biyar ce: in-ta-MII-di-yat, ƙarfin yana kan ta uku. Tunda da wasali ta fara, "an" ake sa mata: "an intermediate course".

Na huɗu, sa ta a jimla. Galibi kafin suna take zuwa: "intermediate level", "intermediate stage". Ba ruwanta da jinsi ko jam'i. Mu mukan ce matsakaici, matsakaiciya, matsakaita. Ita kuwa yadda take ɗin nan take zama. In kana son ambaton gefe biyun, bi ta da "between": "Grey is intermediate between black and white", wato ruwan toka yana tsakanin baƙi da fari.

Na biyar, raba ta da makwabtanta. "Medium" na girma ne ko yawa, shi ne M ɗin da ke wuyan riga. "Middle" na wuri ne ko lokaci, tsakiyar titi, tsakiyar dare. "Intermediary" mutum ne mai shiga tsakani, irin dillalin kasuwar shanu. Wadda ta fi ba ɗalibai ciwon kai ita ce "immediate", don sun yi kama a ido, alhali ma'anarta nan take.

Ƙanwar tawa ta goge ta rubuta "Excel: intermediate". Na dai ja mata kunne cewa duk wanda ya rubuta haka, ranar intabiyu za a iya zaunar da shi gaban kwamfuta a ce ya haɗa lissafin albashi. Daren ranar a kan laptop ɗina ta kwana.